Kifin Tafkin da Ya Yi Tsanwa

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ya sake shigowa da warin tafkin nan. Na shimfiɗa zanen gado mai furanni, na turara ɗaki, ya zo ya zauna a kai da wandon aikinsa. A littafin da nake karantawa, in miji ya dawo ƙamshinsa ke riga shi sallama. Nawa ma akwai abin da ke riga shi sallama, sai dai warin ruɓaɓɓen ganye ne.

Abdulƙadir ke nan, mijin da aka ce na yi dace. Ko shekara ba mu rufa ba. Da yana zuwa zance gidanmu a Konni ya ce mini kiwon kifi yake yi a ƙauyensu, nan ƙasar Alela. Ni kuwa na zana wa kaina ruwa garai-garai, ina zaune a gefe da mayafi ina watsa wa kifi abinci. Abin da na tarar ramuka biyu ne da aka shimfiɗa wa baƙar leda a gefen tafkin gari, inji yana jawo masu ruwa daga tafkin. Tarwaɗa ce cike, masu gashin baki kamar tsofaffin jandarma.

Bana zafi ya janye tafkin, abin da ya rage ya yi tsanwa shar kamar an zuba fenti. Shi murna yake. Wai mutumin da yake kallo a bidiyon waya ya ce tsanwan ruwa abincin kifi ne. Har kashin kaji yake ƙara zubawa. Mutumin cikin waya shi ne malaminsa, shi ne ubansa.

Ƙamshin turarena ma yau tayar mini da zuciya yake. Ban san dalili ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Abincin kifi na buhu ya yi tsada, sai ya samo dabara. Yana shiga taɓon tafkin yana tsinto ƙumbar ruwa, wadda muke kankare tukunya da ɓawonta. Ashe akwai nama a ciki. Yana fasawa da dutse yana watsa wa tarwaɗa, suna wawa. Ya kwana biyu yana haka, sai yau na gani da idona.

Ya kawo ragowar a bokiti ya juye wa agwagina. Na ce kada ya ba su, warin bai yi mini ba. Ya ce, "Ke komi wari ne wajenki kwanan nan."

Agwagin nan uku ne, mamata ta haɗo ni da su cikin kayan ɗaki. Namijin na sa masa Alhaji, don yana tafiya kamar mai kuɗin littafi in ya sauko daga mota. Matan kuwa Gimbiya da Ƴar Gata. Su kaɗai ke saurarona in ina karatu da ƙarfi a bayan ɗaki.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Na wanke kaskon agwagi na kife shi.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da azahar

Ya ce zafi ne ya kashe su. Zafi ne ya zaɓi uku rana ɗaya, ya bar kajin Inna suna yawo? Kajin Inna ba su ci abin bokiti ba.

Inna, uwarsa, ta leƙo ta kan zana ta ce, "Don tsuntsaye aka wanga kuka? In mutum ya mutu sai ki yi mi?" Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa suruka. A zuciya na ba ta amsa mai tsawo, har da karin magana.

Gimbiya ce ta fi daɗewa. Ta yi ta juyi wuri ɗaya, wuyanta ya ƙi tsayawa. Ba zan rubuta sauran ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Alamin makiyayi ya zo ƙofar gida tun ba a kai awaki kiwo ba, rawaninsa har hanci, muryarsa har bayan gari. Tumakinsa sun sha a gefen gabas na tafkin, inda iska ke tara kumfan nan mai kauri. Bai faɗi ko nawa ba ne, ya dai ce ya yanka waɗanda ya samu da sauran numfashi, da ya ga hantarsu ya kasa ba kowa naman.

"Kai mai kihi, mi ka zuba ma ruwan Allah?"

"Ni na zuba? Masu albasa da takinsu hwa? Duk ruwan garkunansu ina yaka gangarawa?"

"Ban san albasa ba. Kai ni gani da buhu."

Suka yi ta yi. Ni ina bayan ƙyaure ina tsotson tsamiya, ina jin daɗin yadda muryar Malam mai kifi ke rawa. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Alamin ya kai magana buro, ofishin hukuma, sai ga lokotoron bisashe, wato likitan dabbobi, a kan babur. Mace ce, sunanta Zahara'u, da takalman roba har gwiwa. Na bi ta da ruwan sha don in ji.

Ta tsoma sanda a tafkin ta ɗago, sandar ta fito kamar an shafa mata fenti. Ta ce wannan ba gansakukar da muka sani ba ce, mai zare-zare. Wannan irin takan yi dafi in zafi da taki suka haɗu a ruwan da ba ya gudu. Ta ce ƙumba ruwa take tacewa dare da rana, duk abin da ke cikinsa a jikinta yake taruwa. Da ta ji abin da ake ba tarwaɗa sai ta cire tabarau ta dubi Abdulƙadir.

Ya ce, "Amma Madam, ga su nan da ransu, dubi yadda suka wasa."

Ta ce, "Tarwaɗa ko a taɓo rayuwa takai. Rayuwarta ba shaida ba ce."

"In an gasa hwa? In an yi banda?"

"Wuta ba ta kashe wanga. Tahwasa ma ba ta kashe shi."

Ta ɗebi ruwa a kwalba, ta ɗauki kifi biyu cikin ƙanƙara, ta ce sai an aika Yamai, kuma ba ta san ranar da amsa za ta zo ba. Ba ta ce akwai dafi a naman ba, ba ta ce babu ba. Ta ce dai kafin amsa kada a ci, kada a sayar, kada dabba ta sha. Ta rubuta mini lambarta a bangon littafina, daidai kan fuskar amaryar da ke jiki.

A hanyar gida ya ce, "Ta ce ba ta sani ba. Kin dai ji da kunnenki."

Cikin duk maganarta wannan kaɗai ya tsinta.

Asabar, 19 ga Afrilu, da magariba

Na zuba masa tuwo, ban ce ga shi ba. Ya ci, bai ce an gode ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, da walaha

Mariyama, ƙanwarsa da ta zo haihuwar fari gida, ta sauka lafiya. Mace, mai gashi kwance luf. Da aka miƙo mini ita na zauna na rungume ta. Inna ta tsaya tana kallona fiye da yadda take kallon jaririyar.

Kwanan nan haka take. In ina alwala sai in ji idonta a bayana. Ta san tun yaushe ban yi fashin salla ba, na rantse ta fi ni lissafi. Ba ta ce ba, ban ce ba. Ba a cewa.

Suna Litinin mai zuwa.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan azahar

Ashe tun cikin Mariyama na wata biyar Inna ta yi wa surukan Mariyama na Badaguishiri alkawari. Ta ce rago na kowa ne, amma ranar sunan jikarta shinkafa da kifin ɗanta za a ci har a yi guzuri. Sun taɓa yi mata gorin cewa ɗanta ya bar gona yana wasa da ruwa. Shi ne take son ta cusa masu amsa a baki.

Yau ta kira ni ta ce in shirya ganga da itace, ni zan yi banda tunda hannuna ya fi kyau.

Na ce, "Inna, lokotoro ta hana."

Ta ce, "Lokotoron jakkai? Tun kakanninmu abin da ya shiga wuta ya tsarkaka. Naman da ya kwana ma wuta ka gyara shi. Ita a lakwal, makarantar boko, ta ga wuta, ni da ita ni tsuhwa."

Na ce to. Wannan to ɗin ba na yarda ba ne, ita ma ta sani.

Laraba, 23 ga Afrilu, da safe

Ban haɗa ganga ba. Na ce kaina ke ciwo. Kuma da gaske yana yi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da la'asar sakaliya

Mun yi ta yau.

Ya shigo ya tarar ina karatu, ya tsaya a kaina. "Uwata ta sa ki aiki kin kwanta da littahi."

Na ce, "Ba zan gasa wa mutane abin da ya kashe mini agwagi ba."

"Agwagi ƙumba sunka ci, ba kihi ba."

"Kifin me ya ci?"

Sai ya koma inda ya saba. Wai littattafan nan sun ɓata ni, ina neman abin kuka inda babu. Wai ina son in ga ya kunyata gaban surukan Mariyama don in samu labarin ba ƙawayena na birni. Wai aikin rani guda ne a ramukan nan, in ya tafi bai san da wane ido zai dubi gari ba.

Wannan na ƙarshen da ƙaramar murya ya faɗe shi, yana kallon ƙasa. Saura kaɗan in tausaya. Sai ya ɗauki littafina ya yi fifita da shi, tausayin ya koma inda ya fito.

Na ce, "Mamata da ƙannena suna zuwa sunan nan. Rumaisa shekararta biyar, kan kifi take fara ci."

Ya ce, "Ni zan hwara ci gabanki, ki gani in na mutu."

Na ce, "Ba mutuwarka nake tsoro ba."

Ban so ta fito haka ba. Amma ta fito, kuma ban janye ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da magariba

Sun kwashe rami guda. Inna ta yi bandar da kanta, ta kafa gangar daidai saitin tagata. Hayaƙi ya cika ɗakina, ya shiga zanen gado, ya shiga littattafai. Na yi amai har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo.

Ya zauna a tsakar gida ya cinye babba guda har da kai, yana tanɗe yatsu da ƙarfi don in ji.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Buta ba ta huta ba tun asuba. Wai mangwaro ne ya ɓata masa ciki. Mai yiwuwa mangwaron ne. Ban ga ƙwallo ko ɗaya a gidan nan ba dai.

Na dafa masa ruwan kanwa na ajiye a bakin ƙofa. Ba don shi ba, don kada a ce.

Asabar, bayan la'asar

Na hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, na kira Zahara'u. Babu amsa daga Yamai. Ta ce tana can wajen Malbaza ana rigakafin shanu, ba za ta samu zuwa ba kafin Litinin. Ta ce in gaya masu da bakinta, yara da masu juna biyu su suka fi shiga hatsari.

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "Surayya, kina nan?"

Na ce waya ce ke yankewa.

Na yi tunanin in kira mamata in ce kada su zo. To su kaɗai ne mutane? Zaure zai cika da yaran gari, kowa da ɗan kwanonsa. Na yi tunanin in zuba wa kwandunan kananzir. A littafi haka za a yi, babi ya ƙare, a wayi gari miji yana neman gafara. A nan kwandunan suna ɗakin Inna, kuma akwai rami na biyu cike.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da magariba



Da la'asar matan dangi suka cika tsakar gida ana gyaran shinkafar gobe. Inna ta ɗora ƙaramar tukunya ta gwaji, miyar kifi, don a ji gishiri. Ta zuba a kwano ta ajiye gabanta tana fifita, tana ba mata labarin yadda mutanen Badaguishiri za su lashe hannu. Shi yana bakin zaure yana ɗaure rumfa.

Tun da aka kawo ni gidan nan Inna ba ta taɓa ganin bakina yana motsi ba. Ko ruwa zan sha sai na juya baya ko na shiga ɗaki. Haka aka koya mini, haka kowace matar ɗa take yi. Ko goro ban taɓa ɓarawa a gabanta ba.

Na fito na ratsa mata, na zauna a kan tabarmarta, gwiwata na taɓa tata. Surutu ya ɗauke. Na jawo kwanon gabana. Na wanke hannu a ruwan da aka ajiye mata.

Wata gwaggo ta ce, "La ilaha! Ɗiyar Konni, lahiya?"

Na ce, "Yunwa nake ji, Gwaggo. Inna ta ce wuta ta tsarkake shi."

Na zaɓi tsoka mafi girma, ta wajen ciki. Na ce bismillah da ƙarfi. Ban san ko zan kai bakina ba. Har yanzu ban sani ba, kuma na fi son kada in sani. Na dai ɗago hannu, ina kallon cikin idon Inna, abin da shi ma ban taɓa yi ba.

Ta buge hannuna. Ba kaɗan ba. Kwanon ya kife, miya ta wanke mata zane, tsokar ta faɗa ƙasa. Kaza ta rugo, Inna ta kore ta da ƙafa. Har kazar.

Ta ce, "Ba ki ci! Ke ba ki ci, da abin da ke..." sai ta kama bakinta.

Mata suka dubi juna. Gwaggo ta fara murmushi, ta rufe da gefen mayafi. Ni kuwa kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, amma na riga na zauna, sai na ƙarasa.

Na ce, "Inna, gobe wa za a zuba wa?"

Ta sunkuya tana goge miyar da ke zanenta.

Daga cikin ɗaki Mariyama ta ɗaga murya, ita da ba ta sa baki a komai: "Inna, ni ma shayarwa nikai. Kada a kawo mini."

Sai wata ta ce ita dama kifi ba ya zama mata a ciki. Wata ta ce yaranta ba su saba ba. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinta, ba wadda ta ambaci tafki. Da na waiga Abdulƙadir yana tsaye a bakin zaure da igiya a hannu. Ba kwanon yake kallo ba, ni yake kallo, kamar yau aka kawo ni. Ashe shi kaɗai ne a gidan nan bai sani ba. Mai lura da ko tarwaɗa ɗaya ta ƙi cin abinci.

Na tashi na shiga ɗaki na sa sakata. Bayan hannuna ya kumbura.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan azahar

An sa wa yarinya Bushira. An ci shinkafa da wake da naman rago. Wata daga Badaguishiri ta tambayi ina kifin da aka yi ta shela, Inna ta ce bai nuna ba, kamar wata gwanda.

Rumaisa ta yi barci a cinyata da maiƙo a baki.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Ya haƙa rami nesa da tafkin, shi da Alamin, wanda har yau ba su gaisa da kyau ba. Sun juye kwandunan, sun zuba toka, sun rufe, sun ɗora ƙaya don karnuka. Daga nan suka kewaye gefen gabas na tafkin da ƙaya. Rami na biyu yana nan, ya kashe inji, yana jawo masa ruwan rijiya da amalanke, yana jiran Yamai. Mai yiwuwa shi ma ƙasa zai ci.

Gari ya rabu biyu a kaina. Wasu na cewa na ceci yara. Mafi yawa na cewa ɗiyar birni ta zauna kan tabarmar surukarta ta sa hannu a kwanonta. Wannan za a fi tunawa, na sani. Ko jikokina sai an ba su labari.

Ba ya mini magana. Ya dai daina zama kan gadona da wandon aiki. Yana tuɓewa a waje, ya wanke ƙafa, ya shigo kamar baƙo. Jiya na ga ya buɗe baki, na juya wa bango fuska. Bai ce komai a kan agwagina ba har yau. Sai ya fara da su.

Alhamis, 1 ga Mayu, da la'asar

Na buɗe littafin, amarya tana kuka a cikin mota mai sanyi. Na rufe. Duk shafukan hayaƙin banda suke yi.

Juma'a, 2 ga Mayu, da safe

Babu labari daga Yamai.

Na ɗauki tulu zan tafi rijiya, na tarar randata cike har baki, an rufe da sabon faifai. Inna tana shara a tsakar gida, ta ba ni baya. Tun ranar Lahadi ba ta dube ni ba. Ta ce wa tsintsiyarta, da ƙarfi yadda zan ji, "A hwaɗa ma mai ɗakin can ta bar ɗaukar tulu. Kuma wanga ruwan rijiya ne, ba na tabki ba, kada a zo a zauna mini bisa tabarma."

Na ajiye tulun. Ban gode ba.

Na ɗebi moɗa guda, na shiga ɗaki, na juya baya, sannan na sha.